Kifi Tara Sun Mutu a Falona

SHAFI NA 17

Na ga saƙonninku. Mai cewa kyanwa ce ta yi aikin, ba mu da kyanwa. Mai cewa in bar zancen kifi in je in ba matata haƙuri, na gode, Allah ya ba ki miji mai sanyin hali irina. Shi kuwa wanda ya rubuto cewa in soya su kada su tafi a banza, na toshe shi, kuma ko a coci muka haɗu kada ya miƙo mini hannu.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ne Harlan Haugen, tsohon direban motar 'yan makaranta a nan garin Fargo. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin galan ɗari da ashirin a falo, da murjani mai rai da na yi shekara goma sha ɗaya ina reno. Ranar Litinin na wayi gari kifaye tara cikin goma sun juya ciki sama. Na ce kyandir mai ƙamshi da matata Denise ta kunna ranar Lahadi ne ya kashe su. Na faɗa a gabanta, na faɗa a waya, na faɗa muku a nan. Ita kuma ta ce a kira mai awon ruwa. In kyandir ne, za ta ba ni haƙuri a gaban kowa. In ba shi ba ne, ko tankin ya bar gidan ko ita ta bar shi, ni zan zaɓa.

Shekararmu talatin da huɗu da aure, ban taɓa ganin Denise ta yi barazana ta fasa ba.

To, mu je.

*

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis Maxine Bjerke ta iso da akwatin kwalabenta. Ita ce shugabar ƙungiyarmu ta masu tankin teku. Shekara talatin ta yi tana auna ruwan famfon gari kafin ta ajiye aiki, kuma har yau in ka ba ta ruwa a gidanka sai ta ɗaga kofin ta duba shi a haske kafin ta sha. Ta cire takalma a bakin ƙofa, ko gaisuwa babu ta ce,

"Ina gawarwakin?"

"Suna cikin firiza," na ce.

"A kan naman barewar da za mu ci," in ji Denise daga ƙofar kicin, ta harɗe hannu. "Kowanne da jakarsa, da sunansa, da ranar da ya shigo gidan nan. Ranar haihuwata ce kawai take yi masa wuyar riƙewa."

"Sau ɗaya ne na manta."

"Sau ɗaya ka tuna dai."

Maxine ta zaro ɗaya ta ɗora a faranti, ta sa tabarau. Ta juya shi, ta ɗaga marfin numfashinsa da tsinke, ta ƙura ido.

"Babu farin ɗigo. Babu tsutsa. Ƙiba ma gare shi. Wannan ba cuta ba ce. Cuta ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, tana ba ka lokacin yin kuka. Abin da ya kwashe tara lokaci guda, a ruwa yake."

"Ko a iska," na ce da sauri. "Iska mai ƙamshin tuffa da kirfa."

"Na tambaye ka?" in ji Maxine.

Ta tsuguna gaban tankin, ta buɗe akwati, ta fara jera kwalabe a kan dardumar Denise.

"Ka sa sabon kifi cikin watan nan?"

"A'a."

"Sabon dutse?"

"A'a."

"An ɗauke wuta?"

"Ko ƙiftawa ba ta yi ba."

"Ka tsoma hannu da man shafawa a jikinka?"

"Ni? Har gwiwar hannu nake wankewa kafin in taɓa ruwan nan."

"Wannan gaskiya ne," in ji Denise. "Ruwan wanke-wanke ne kawai yake ƙona masa fata."

Maxine ba ta ko ɗago ba. Ta auna zafin ruwa, daidai. Ta auna gishiri, daidai. Ta tsoma wayar awo ko lantarki na yoyo a ciki, babu. Ta ciro katantanwa guda daga jikin gilashi, ta shinshina ta, ta mayar.

"Da ranta. Da tagulla ce ta shiga ruwan, waɗannan ne za su fara tafiya."

Duk abin da ta cire daga lissafi sai in ji ƙirjina ya ƙara faɗi. Ba zafi ba, ba gishiri ba, ba lantarki ba, to me ya rage? Na kalli Denise da irin kallon nan na mai jiran a ba shi haƙuri. Har na fara shirya yadda zan karɓa, ba da girman kai sosai ba, amma kuma ba da sauri ba.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Surukata ce, Mama Marlys, mahaifiyar Denise. Shekararta tamanin da ɗaya, ita take tuƙa kanta, kuma duk wanda ya taɓa bin bayan motarta ya san haƙuri. Ta shigo rungume da babbar tasa naɗe cikin tawul.

"Na kawo muku gashin dankali da nama," ta ce. "Na makoki."

"Mama," in ji Denise, "kifi ne suka mutu fa, ba mutum ba."

"Rai dai rai ne."

Ta juyo gare ni, ta kama hannuna da nata biyu, abin da ba ta yi ba ko ranar aurena.

"Sannu, ɗan nan. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Mama."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Kwana huɗu ina makoki, sai yau aka sami mai yi mini gaisuwa. Ta wuce ta zauna a kujerar da ke fuskantar bango, ta ba tankin baya. Na ce a raina tausayi ne ya hana ta kallo, domin tun rasuwar mijinta, Baba Orrin, a watan Satumba, duk Lahadi in ta zo cin abinci bayan coci sai ta ce a bar ta ita kaɗai a gaban tankin ta ɗan huta.

"Ina kyandir ɗin?" in ji Maxine.

Na ɗauko shi. Na riga na ƙulle shi a jakar leda, na rubuta kwanan wata.

"Kin gani ko?" Denise ta ce. "Har da shaida. Saura ya sa mini ankwa."

"A ina aka kunna shi?"

"A kan wancan kantar," na nuna.

Maxine ta miƙe ta je gaban kantar. Ta daɗe tana kallon ƙaramin tankin da ke kai.

"Wannan fa?"

"Gloria ce. Ita kaɗai ta rage mini. Na ware ta mako biyu da suka wuce saboda tana cizon sauran."

"Tankinta na da murfi?"

"Babu."

"Taku nawa tsakaninta da kyandir?"

"Ai... a gefenta yake."

"Babban tankin fa?"

Na kalli falon. Na so a ce ya fi haka ƙanƙanta.

"Kamar taku bakwai."

"Kuma da murfinsa."

"Da shi."

Gloria ta zo jikin gilashi, rawaya shar da ita, ƙiba har wuya, tana buɗe baki a ba ta abinci. Shekara tara ina ciyar da kifin nan, yau ita ce ta ba da shaida a kaina.

"Wadda ta kwana rungume da kyandir tana neman ƙarin abinci," in ji Maxine. "Waɗanda ke can nesa cikin murfi sun mutu. Harlan, ba kyandir ba ne."

"Wataƙila ita jikinta ne mai ƙarfi..."

"Ba kyandir ba ne."

Denise ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da na san inda zan kama. Ta warware hannunta, ta gyara gashinta, ta ce cikin sanyin murya,

"Maxine, don Allah maimaita. Kunnen nan nawa na hagu ba ya ji sosai."

"Ba kyandir ba ne."

"Na gode." Ta juyo. "To, malam mai teku. Ni ko shi?"

"Denise, mu bari a gama bincike mana."

"An gama nawa. Kwana huɗu kana kirana mai kisan kai. Ka faɗa wa mai kawo wasiƙa. Ka faɗa wa fasto. Jiya a kanti wata mata da ban taɓa gani ba ta kalli kwandona ta ce, yau ba kyandir? Ni ko shi, Harlan?"

Ina son matata, kowa ya sani. Amma ku da ba ku taɓa renon murjani daga tsawon farce har ya cika tafin hannu ba, ba za ku gane abin da ake nufi da shekara goma sha ɗaya ba. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

"Ku dakata," in ji Maxine. "Ruwa ba ya tsami banza. Ku bari in san abin da ya kashe su tukuna, sannan ku rabu a tsanake."

Ta ɗebi ruwan tankin a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta girgiza, ta kara da takardar launuka. Takardar ta fara daga fari ta ƙare a shuɗi. Ruwan kwalbar ya wuce shuɗin, ya doshi baƙi.

Ta zubar, ta wanke, ta sake. Haka dai.

"Ikon Allah," ta ce. Karo na farko ke nan da na ji Maxine ta kira sunan Allah a kan ruwa. "Harlan, takin gona kake ba su?"

"Me ya faru?"

"Fosfet. Sinadarin nan da ke cikin taki da ƙashi. Wanda ke cikin ruwanka zai ishi gonar masara. Kuma ruwan ya yi kaifi kamar ruwan toka, bai ma gama sauka ba. Ba ka ga gansakuka ta yi yawa ba?"

"Na gani mana! Kullum ina kankarewa tana dawowa."

"Tun yaushe?"

"Tun Oktoba."

Mama Marlys ta yi tari.

"Ranar Lahadi fa, ka ga wani abu?" in ji Maxine.

"Da yamma ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Na ɗauka kifin nan mai tonon yashi ne."

Mama Marlys ta sake yin tari, ta ce, "Denise, ba za ki zuba wa baƙuwa abinci ba? Zai huce."

"Bari tukuna, Mama."

Maxine ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta hau kujera, ta zura hannu ƙasan tankin tana tsefe yashi da yatsu. Ta ce wani lokaci ƙusa ce ko guntun ƙarfe yake faɗawa ya yi ta tsatsa ba a sani ba. Ta bi gaba, ta bi gefe, ta zagaya bayan babban dutse. Sai ta tsaya cak.

Ta fito da wani abu kamar kwabo, farin ƙarfe, da 'yar huda a gefe. Ta goge shi da babban yatsa. Akwai lambobi guda biyar a jere a jiki.

"Ba nawa ba ne," na ce.

"Na sani."

"Na jikin famfon ruwa ne?"

Maxine ta sauko daga kujera a hankali. Ta cire tabarau. Fuskarta ta canza, har na ji tsoro.

"Na san wannan," ta ce. "Akwai irinsa a gidana, cikin tulun da ke kan kantar littattafai. Gidan ƙona gawa ne suke sa shi, ya bi mutum cikin wuta ya fito tare da tokarsa, don kada a ba iyali tokar wani. Na mijina Walter lambarsa ta ƙare da bakwai."

Ta ɗago ta dube ni.

"Harlan," in ji Maxine, "wa ke cikin tankinka?"

Cokalin da ke hannun Mama Marlys ya faɗi ƙasa.

Muka juya mu uku.

Ta sunkuya za ta ɗauka, ta fasa. Ta gyara jakarta a cinya, ta kalli silin, ta ce,

"Nasa ta ƙare da biyu."

"Mama?" Muryar Denise ta yi siririya. "Na wa?"

"Na babanki mana. Na wa kuma?"

"Baba yana cikin tulu a gidan Curtis!"

Curtis yayan Denise ne, mai son a yi komai bisa tsari.

"Tulun yana gidan Curtis," in ji Mama Marlys. "Ban ce ba ya can ba."

Denise ta laluba bayanta ta zauna a hannun kujera. Ni kuwa na kalli tankin, na kalli tsohuwar, na sake kallon tankin. Wata huɗu ina kankare gansakuka ina zagin kamfanin gishiri.

"Ku daina kallona haka," ta ce. "Ku zauna ku ji. Kun san ya yi shekara huɗu yana dafa wa sojojin ruwa abinci a jirgi, tun kafin ya aure ni. Ya sha gaya mini, Marlys, a duk rayuwata shekara huɗun nan ne kawai ɗumi ya kai mini har ƙashi. In na mutu kada ku sa ni a ƙasar nan. Na sha sanyinta shekara tamanin, ya isa. Ku kai ni teku."

"To ai da kin faɗa!"

"Na faɗa. Na faɗa wa Curtis, ya ce an riga an sassaƙa suna a dutse kusa da kakanku, da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki za a binne tulun. Na faɗa miki, kika ce, Mama, bari mu ga lokacin hutu. Ni ba na hawa jirgin sama. Tuƙina bai wuce coci da kantin magani ba. Teku kuma mil dubu da ɗari biyar. Ya kuke so in yi?"

Mama Marlys ta juya wajen tankin.

"Shi kuma Orrin duk Lahadi a waccan kujerar yake zama," ta nuna da haɓa, "ya miƙe ƙafa gaban gilashin nan har barci ya ɗauke shi. In mun kama hanyar gida sai ya ce, Marlys, yaron nan Harlan ba shi da wayo ko kaɗan, amma tekunsa na gaske ne."

Jama'a, shekara talatin da huɗu mutumin nan bai taɓa yaba mini a kan komai ba. Ko gasa nama na yi sai ya ce wutar ce mai kyau. Na juya kamar ina duba injin ruwa. Rabin maganar zagi ne, na sani, amma ɗaya rabin na karɓa hannu biyu.

"Cokalin shayi ɗaya nake zuba masa," ta ci gaba. "Duk Lahadi, kuna kicin kuna faɗa a kan miya. In ce, Orrin, ga ka ga ɗumi. Kifayen ma har taruwa suke yi."

"Sun ɗauka abinci ne," in ji Maxine.

"Ya ciyar da mutum ɗari uku a jirgi, ba zai ji haushi ba."

"To ranar Lahadin nan fa, Mama?" na tambaya. "Cokali nawa?"

Ta ɗan sunkuyar da kai.

"Ranar Asabar Curtis ya bugo, ya ce Litinin zai zo ya ɗauki tulun ya ajiye a wurinsa. Na zauna na lissafa. Da cokali ɗaya-ɗaya sai na shekara goma ban gama ba, ni kuwa ba ni da shekara goma, ba ni ma da kwana biyu. Sai na juye shi a robar man shanu guda uku, na sa a jaka, na tafi da shi coci. Ya ji huɗuba, ya ji waƙa. Da muka zo nan, kai kana barci gaban talabijin, na ɗaga murfi."

"Duka ukun?"

"To in raba mutum?"

"Shi Curtis me ya ɗauka?" in ji Denise.

"Tokar murhu. Kada ki yi mini wannan fuskar, itace ne mai kyau, babanki ne ya faskara shi da hannunsa."

Maxine ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi. Ashe matar nan ta iya dariya.

Mama Marlys ta ciro hankici. Yanzu kam muryarta ta karye.

"Ban san zai kashe su ba, ɗan nan. Allah ya sani. Tun Litinin ban runtsa ba. Na ji kana ɗora wa Denise, na ce yau zan faɗa, gobe zan faɗa. Na ɗauki waya sau huɗu. Sai na ga gara in gasa dankali."

"Ba komai, Mama," na ce. Kuma har raina ba komai ɗin, domin ba ka iya riƙe tsohuwa a zuci a kan ta cika wa mijinta alkawari.

Denise ta tashi. Ta taka a hankali har gaban tankin, ta durƙusa a kan dardumar, ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashin. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana kiran abin nan kishiyar lantarki, mai shanye mata falo, mai warin bakin kogi.

"Baba," ta ce a hankali. "Wata huɗu ina wucewa ta gabanka da kwandon wanki ina tsaki. Ashe kana ji."

Ta yi kuka sosai. Mama Marlys ta je ta dafa kanta, ita ma tana yi. Na tsaya a gefe da kyandir cikin leda a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Da ta natsu, ta share ido, ta miƙe ta fuskance ni.

"Ban yafe maka zancen kyandir ba. Za ka bi mai kawo wasiƙa da fasto da matar kanti ɗaya bayan ɗaya ka wanke ni."

"Zan yi. Har da hoto."

"Amma tankin nan ba ya zuwa ko'ina. Ni ma ba na zuwa ko'ina. Babana yana ciki. Wanda ya taɓa ko ƙwayar yashi ɗaya a cikinsa, ni da shi ne."

Kun ji ko? Ni ne na yi ƙazafi, ni aka kama, kuma ga mata ga tanki duk sun zauna. Ta faɗi gasassa. A cikin daƙiƙa biyar har na hango wani tankin mai cin galan ɗari biyu a jikin bangon can, domin ai ba a matse suruki a ƙaramin wuri. Na ajiye kyandir, na buɗe tasar Mama, na ce kowa ya zo a ci, ni zan dafa gahawa.

"Za a iya gyara shi," in ji Maxine tana goge hannu. "Ruwan za mu riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Shi Orrin toka ce mai nauyi, ba ya yawo a ruwa, ya riga ya kwanta cikin yashi. Duk inda yashin yake, nan yake."

"Allah Sarki," in ji Mama Marlys. "Da ma shi mai son kwanciya ne."

"Sai dai tun ɗazu nake son in tambaye ka wani abu, Harlan." Maxine ta kara yatsa a jikin gilashin daga ƙasa. "Bara da na zo, zurfin yashin nan ya kai tsawon yatsana. Yanzu ko gaɓa ɗaya bai rufe ba. Ina sauran?"

To.

Akwai abin da ban gaya muku ba a shafin jiya, kuma ban yi niyyar gaya wa kowa ba har in mutu.

Tun ranar Laraba na fara shakkar kyandir ɗin nan. Na karanta cewa tsohon yashi yakan tara guba ya saki lokaci guda. Na ce in haka ne laifina ne, kuma Maxine za ta gano. Saboda haka da safen nan, Denise tana wanka, na kwashe bokiti biyu cur, na baje sauran ya rufe. Kuma kun san mu a nan, babu mai zubar da yashi a watan Janairu, balle mai gishiri a jiki. Hanyar mota tun daga gareji har bakin titi ta zama gilashi saboda ƙanƙara. Na bi ta da bokiti ina watsawa, ina yaba wa kaina da tattali.

"Harlan," in ji Denise, "ana yi maka magana."

"Yashi ai... yakan zauna. Yakan danne kansa."

"Ba ya danne kansa da kashi biyu cikin uku," in ji Maxine.

"Ina babana?"

"Yana nan kusa. Bai bar gidan ba. Ku zauna ku ci abinci, ni zan ɗan fita da tsintsiya da..."

Sai muka ji ƙarar inji a waje. Ya yi tari sau biyu, ya kama.

Na san injin nan kamar yadda na san muryata. Na maƙwabcinmu Duane ne, injin kwashe dusar ƙanƙara, sabo fil, wanda 'ya'yansa suka saya masa. Tun da ya same shi ba ya iya ganin fari a ƙofar gidan kowa. Ba ya tambaya, ba ya karɓar godiya. Muna can muna koke-koke ashe dusa ta sauka ta rufe hanyar.

Na zabura zan fita da safa a ƙafa. Denise ta cafke hannun rigata.

"Ba inda za ka sai ka ba ni amsa."

Idona ne ya ci amanata, ya tafi taga. Su ukun suka bi shi da kallo.

Ga Duane can da jar hularsa, ya fara daga bakin gareji yana turowa. Injin na haɗiye duk abin da ke ƙasa yana feso shi sama, tsayin mutum biyu, ya tsallake shinge, iska na kwasa tana yin titi da shi. Farin da ke fita ba fari tas ba ne, da ɗan ruwan toka a ciki. Ya hango mu a taga, ya washe baki, ya ɗago mana hannu.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," in ji Mama Marlys, ita ma ta ɗaga masa hannu. "Irinsu sun yi ƙaranci."

Denise ba ta ɗaga hannu ba. Na ji yatsunta sun saki rigata ɗaya bayan ɗaya.

"Harlan Haugen," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Wancan da yake tashi sama, babana ne?"